Hancin Babba, Ran Jariri: Hujjar Masu Yarda a Ɗura Musu Tarin Shiƙa

A shekarar 2017 Jami'ar Southampton da ke kudancin Ingila ta yi cigiyar mutane masu ƙoshin lafiya, 'yan shekara 18 zuwa 45, waɗanda za su yarda a ɗiga musu ƙwayoyin tarin shiƙa masu rai a hanci, su zauna a killace a asibiti har kwana 17, a sallame su da kimanin fam 3,500. An kuwa sami masu zuwa. Duk wanda ya taɓa ganin yaro cikin wannan tari zai ce ko dai hauka ce ta kai su, ko talauci, ko kuma likitocin ne suka manta da amanar da ke wuyansu. Ra'ayina ya saɓa da haka. Irin wannan gwaji halal ne a ma'aunin hankali, wanda ya ba da kansa kuma ya yi abin yabo, amma ba don ƙarfin zuciyarsa ba, ba kuma don an biya shi ba. Hujjar tana cikin ɗabi'ar cutar kanta: manya ne ke yawo da ita, jarirai ne ke mutuwa da ita. Gwajin yana ɗauke wani ɗan ɓangare na haɗarin daga kan wanda ba shi da baki, ya ɗora shi kan wanda zai iya cewa na yarda ko na ƙi. Muddin aka rasa wannan, ko aka sassauta sharuɗɗan da ke tsare da shi, hujjar ta rushe.

Ƙwayar da ke haddasa tarin shiƙa, wadda Jules Bordet da Octave Gengou suka fara keɓewa a ƙasar Beljiyam a 1906, ba ta da wani masauki sai ɗan'adam. Takan maƙale a hanci da maƙogwaro, ta fara da majina da ɗan tari kamar na mura, mako ɗaya ko biyu, kuma a daidai lokacin da kowa ke cewa mura ce ta fi yaɗuwa. Daga nan sai tarin ya juye: yaro ya jera shi ba numfashi a tsakani, idanu su firfito, fuska ta canja launi, sai ya ja iska da wata ƙara mai ban tausayi, sau da yawa amai ya biyo baya. Jaririn da bai kai wata uku ba ma sau tari ba ya samun ƙarfin yin wannan ƙara, numfashin ne kawai ke ɗaukewa, uwa ta ɗaga shi ta ga leɓensa ya yi duhu. Babba kuwa yakan sha da tari mai naci na makonni, wani lokaci ma ba ya jin komai, alhali yana raba ƙwayar a cikin gida. Shi ya sa idan aka bi sawun cutar a jikin jariri, galibi a kan uwa, ko uba, ko yayye ake tsayawa. Wani ƙiyasi da aka yi na shekarar 2014 ya nuna yara 'yan ƙasa da shekara biyar kimanin miliyan 24 ne suka kamu a duniya, kimanin 160,000 suka rasu, fiye da rabinsu a Afirka.

Mai tambaya zai ce ai akwai rigakafi tun da daɗewa. Haka ne. Pearl Kendrick da Grace Eldering sun samar da allura mai aiki a jihar Michigan ta Amurka tun shekarun 1930, daga ƙwayar da aka kashe gaba ɗayanta, daga baya aka haɗa ta da ta mashaƙo da ta sarƙewar haƙora. Ta ceci rayuka ba adadi, sai dai takan sa zazzaɓi da kumburi da kuka, kuma a shekarun 1970 tsoro ya sa iyaye da yawa a Birtaniya da Japan suka guje ta, annoba ta dawo. Sai aka koma ga sabuwar allura wadda ke ɗauke da wasu 'yan sinadaran ƙwayar kaɗai: Japan a 1981, Amurka a shekarun 1990, Birtaniya a 2004. Ta fi sauƙi a jiki, amma ƙarfinta na dusashewa da wuri. A 2012 Amurka ta ƙirga sama da mutum 48,000 da suka kamu, adadin da rabonta da shi tun shekarun 1950, a Ingila kuma jarirai 14 suka rasu a wannan shekara. A 2024 Ingila ta ga kusan mutum 15,000 da suka kamu. Bayanin da ya fi gamsarwa ya fito ne daga wani bincike da masanan hukumar abinci da magunguna ta Amurka suka yi a kan gwaggon biri a 2013: waɗanda aka yi wa sabuwar allurar ba su yi ciwo ba, amma ƙwayar ta zauna a hancinsu makonni, har suka shafa wa waɗanda ke keji ɗaya da su. Ashe allurar tana kare mai ita daga tari, ba ta hana shi zama ɗan aiken cuta ba.

To abin da ake nema yanzu shi ne rigakafin da zai hana ƙwayar samun wurin zama a hanci tun farko. Nan ne hanyoyin bincike da aka saba da su suka gaza. Ɓera ba ya tari irin na mutum. Gwaggon biri yana da tsada da wuyar samu, kuma duk kamarsa da mu, ba mu ba ne. Gwajin fili kuwa, inda ake yi wa dubban mutane allura a zauna jiran cuta ta zo da kanta, ya dace da ƙirga waɗanda suka kwanta ciwo, amma ta yaya za a ƙirga waɗanda ƙwayar ta sauka a hancinsu ta tashi ba tare da sun sani ba? Sai dai a yi ta wanke hancin dubban mutane kowane mako har shekaru, ana fatan annoba ta biyo ta garinsu. Jariri kuma, wanda don shi ake yin komai, shi ne mutum na ƙarshe da za a yarda a jarraba wani abu da ba a tabbatar ba a jikinsa. Idan kuwa an san ranar da ƙwayar ta shiga, da adadin da ya shiga, da irin garkuwar da mutum ke da ita kafin nan, mutum 50 za su iya amsa tambayar da mutum 50,000 ba za su amsa a fili ba.

Yadda abin ke gudana ya fi sunansa sauƙi. Bayan an tace masu neman shiga da gwajin jini da tambayoyi, ɗan sa-kai yakan kwanta rigingine ya ɗaga haɓa, a ɗiga masa ɗan ruwa mai ɗauke da ƙwayoyin a kowace ƙofar hanci, ya ɗan jima a haka. Daga nan sai zaman ɗaki shi kaɗai: ma'aikata na shigowa da takunkumi da safar hannu, ana auna zafin jikinsa, ana ɗibar jini, ana zuba masa ruwan gishiri a hanci a tare shi a kai ɗakin awo, ana sa shi tari a gaban na'urar da ke zuƙar iska. A zagayen farko na Southampton mutum 34 aka yi wa haka. An fara da ƙwayoyi 1,000, babu wanda ta kama. Aka riƙa ƙarawa sannu a hankali har 100,000, inda ta zauna a hancin kashi 80 cikin ɗari. Kaɗan ne suka ji 'yan alamu marasa tsanani, babu wanda ya kai ga tarin shiƙa sosai. A rana ta 14 aka ba kowa maganin azitromaisin, cikin awa 48 ƙwayar ta ɓace a jikin kusan tara cikin goma na waɗanda ta kama. A Halifax ta ƙasar Kanada, cibiyar binciken rigakafi ta Jami'ar Dalhousie ta ɗan matsa gaba, tana barin alamun farko masu sauƙi su bayyana kafin a ba da magani. An kuma riga an fara cin moriyar hanyar: wani rigakafi da ake fesawa a hanci, mai suna BPZE1, wanda Camille Locht ya ƙirƙira a Cibiyar Pasteur ta Lille a Faransa daga ƙwaya mai rai da aka raunana, an jarraba shi a kan 'yan sa-kai a Southampton da Oxford, aka ga yana rage zaman ƙwayar a hanci ƙwarai. Ba tarin shiƙa ne farau ba. Da irin wannan gwaji aka tabbatar da sabuwar allurar taifot a Oxford a 2017, wadda yanzu ake yi wa yara a Pakistan da wasu ƙasashen Afirka, da shi kuma aka tace alluran zazzaɓin cizon sauro kafin a kai su fili.

Suka ta farko da ake yi wa irin wannan gwaji ita ce aikin likita warkarwa ne, ranar da ya fara sa wa mai lafiya cuta da hannunsa ya buɗe ƙofar da ba ya iya rufewa. Tarihi yana bayan masu wannan magana. Edward Jenner ya shafa wa yaro ɗan shekara takwas ƙwayar agana a 1796 don ya gwada rigakafinsa. A 1933 wasu masana biyu a Amurka, miji da mata masu suna Macdonald, sun ɗura wa yara maza huɗu ƙwayar tarin shiƙa, biyun da ba a yi wa allura ba suka kwanta da cutar. Tsakanin 1946 da 1948 likitocin Amurka sun sa wa fursunoni da sojoji da masu taɓin hankali tunjere da makamantansa a Guatemala, gwamnatin Amurka ba ta nemi gafara ba sai a 2010. Mutanen Kano ma ba sa buƙatar a tuna musu da 1996, lokacin da kamfanin Pfizer ya gwada maganin Trovan a cikin annobar sanƙarau, a gwajin da ya shafi yara 200, 11 suka rasu, aka shafe shekaru ana shari'a kan ko an nemi yardar iyaye yadda ya kamata, har aka sasanta da gwamnatin jihar a 2009 kan dala miliyan 75 ba tare da kamfanin ya amsa laifi ba. Na Kano ba gwajin ɗura cuta ba ne, yaran da ciwonsu aka same su, amma raunin da ya bari a zukata iri ɗaya ne. Sai dai idan aka duba waɗannan labarai da kyau, abin da ya haɗa su ba shigar ƙwaya jiki ba ne. Abin da ya haɗa su shi ne an yi su a kan yara, da ɗaurarru, da marasa lafiyar da ba su da zaɓi, wato mutanen da ba su da ikon cewa a'a. Darasin da ke ciki shi ne a tsaurara sharaɗin yarda, kuma shi ne abin da ƙa'idojin Nuremberg na 1947 da sanarwar Helsinki ta 1964 suka kafa. Baligi mai hankali da aka karanta masa komai, aka ba shi kwanaki ya yi shawara, wani kwamiti mai zaman kansa ya binciki tsarin kafin a fara, ba ya cikin wancan sahu.

Yarda kaɗai ba ta isa ba, domin akwai haɗarin da bai kamata a roƙi kowa ya ɗauka ba ko da ya amince. A Kyuba a 1900 Walter Reed ya sa 'yan sa-kai sa hannu a takardar yarda kafin a bari sauro mai ɗauke da zazzaɓin shawara ya cije su, amma cutar ba ta da magani, kuma a gwaje-gwajen da suka biyo baya a Havana a 1901 mutane sun mutu, cikinsu har da wata ma'aikaciyar jinya, Clara Maass. Abin da ya raba tarin shiƙa da wannan shi ne ana riƙe da linzaminsa. Nau'in ƙwayar da ake amfani da shi an san tarihinsa, an tabbatar magani na kashe shi, ana kuma ba da maganin a matakin da yake aiki, kafin gubar ƙwayar ta ɓata hanyar numfashi. Wannan sharaɗi yana da muhimmanci musamman yanzu da nau'in da ba ya jin azitromaisin ya yawaita a ƙasar Sin. Wani nazari da ya tattara gwaje-gwajen ɗura cuta sama da 300 da aka yi daga 1980 zuwa 2021, masu ɗauke da mutum fiye da 15,000, bai sami mutuwa ko ɗaya ba. Wannan ba ya nufin babu haɗari. Magani na iya ɓata ciki, jiki na iya ƙin sa, tari na iya daɗewa fiye da yadda aka zata, zaman kaɗaici na mako biyu da ɗoriya ma wahala ce. Amma al'umma ta saba barin baligi ya ɗauki haɗarin da ya fi wannan don amfanin wani, kamar mai kyautar ƙoda da ɗan kwana-kwana, har tana yaba musu.

Sai batun kuɗi, inda ake cewa mai wadata ba zai sayar da hancinsa ba, ɗalibi da mara aiki ne za su zo, don haka yardar tasu yunwa ce ta sa hannu. Akwai gaskiya a ciki, amma lissafi yana rage mata kaifi. Fam 3,500 idan aka raba shi kan awoyin kwana 17, dare da rana, bai kai fam 9 a awa ba, ba a ma sa zirga-zirgar da ake yi bayan an fita ba, a shekarar da mafi ƙarancin albashin babba a Birtaniya yake fam 7.50. Ladan lokaci ne da takura, ba farashin rai ba. Hana biya gaba ɗaya kuma zalunci ne ta wata fuska: likita da nas da mai shara duk su karɓi albashi, wanda ya ba da jikinsa ne kaɗai zai tafi hannu rabbana. Inda kuɗi ke zama tarko shi ne idan ya yi yawan da zai sa mutum ɓoye ciwon da ke jikinsa don kada a cire shi, ko idan aka ɗaure shi da sharaɗin sai an kai ƙarshe. Hausawa na cewa kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. A nan dole ne a ajiye wannan karin magana gefe, domin ƙa'idar bincike ta ba ɗan sa-kai damar janyewa a kowane lokaci ba tare da ya kawo dalili ba, a biya shi gwargwadon abin da ya yi. Gwajin da ba ya bin wannan ciniki ne, ba sa-kai ba.

Abu guda ne ake nema daga mai janyewa: ya sha magani ya tabbatar ƙwayar ta fita kafin ya koma cikin mutane. Wannan ya kai mu ga sukar da na fi ɗauka da muhimmanci, wato haƙƙin wanda bai sa hannu a komai ba. Ɗan sa-kai ya yarda, amma jaririn maƙwabciyarsa bai yarda ba, matar da ke zaune kusa da shi a mota da tsohon ciki ba ta yarda ba. Idan gwajin da aka shirya don ceton jarirai ya zama sanadin mutuwar jariri ɗaya, ya ci amanar dalilin kafa shi. Shi ya sa ba a ɗaukar mai ciki, ko wanda ke hulɗa ta kusa da jarirai da masu raunin garkuwa, shi ya sa ake killacewa, shi ya sa ake auna iskar ɗaki da abin da ɗan sa-kai ya taɓa. A zagayen farko na Southampton ba a sami ƙwayar a waɗannan samfura ba. Wannan abin ƙarfafa gwiwa ne, amma ba lasisin sakaci ba, domin mutanen da ba sa tari ba lalle su zama ma'aunin masu tari ba. Duk wani yunƙuri na rage tsada ta hanyar sassauta killacewa dole ya zo da hujjarsa daban, kuma nauyin kawo ta yana kan masu binciken.

Suka ta ƙarshe ta fi shafar mai karatu a Katsina ko Maraɗi. Me ya haɗa hancin ɗalibi a Ingila da jariri a ƙauyen da ba a taɓa kai allura ba? Najeriya da Nijar ba su koma sabuwar allurar ba. Har yanzu tsohuwar ce ke cikin allurar Penta da ake yi a mako na 6 da na 10 da na 14, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta shawarci ƙasashen da ke kanta tun 2015 su ci gaba da ita. Matsalar yankin ba dusashewar allura ba ce, rashin isarta ce: ƙiyasin 2023 ya nuna yara sama da miliyan 2 a Najeriya ba su sami ko ta farko ba, adadin da ya fi na kowace ƙasa, kuma annobar mashaƙo da ta ɓarke a Kano tun ƙarshen 2022 ta fallasa wannan giɓi, tunda allura ɗaya ce ke ɗauke da rigakafin cututtukan biyu. Duk wannan gaskiya ne, kuma babu gwajin da zai maye gurbin firjin ajiyar allura mai aiki da ma'aikaciyar lafiya da ake biyan albashinta. Amma ko an yi wa kowane yaro Penta a kan lokaci, makonni shida na farkon rayuwa a buɗe suke, cikakkiyar kariya kuma sai bayan ta uku. Hanyoyin cike wannan rata biyu ne: a yi wa uwa allura tana da ciki, kamar yadda Birtaniya ke yi tun 2012 da sakamako mai kyau, ko a samu rigakafin da zai tsarkake hancin mutanen gida. Na biyun zai fi amfani a gidan da mutum ashirin ke kwana, inda ranar suna kowa ke karɓar jariri ya sa masa albarka, fiye da gidan mutum uku a Landan. Gaskiya ne sakamakon da aka samu a jikin Bature baligi ba ya zama hukunci a kan yaron Afirka, shi ya sa gwajin ɗura cuta tankaɗe ne kawai da ke fitar da abin da ya cancanci babban gwaji. Shi ya sa kuma ƙasashe irin su Kenya da Tanzaniya da Gabon da Mali suka fara yin nasu a kan zazzaɓin cizon sauro, Malawi a kan ƙwayar ciwon huhu, da masanansu da kwamitocinsu.

Mai tsoron Allah zai tambaya ko wannan ba jefa kai ga halaka ba ne. Tambaya ce da ta dace a kai wa malamai tare da cikakken bayanin likita, kuma fiƙihu yana da tsohuwar ƙa'idar jure ƙaramar cuta don tunkuɗe babba. Ƙa'idar tana aiki ne idan ƙaramar ƙarama ce da gaske, babbar kuma za a iya tunkuɗe ta da gaske. Don haka wanda ke tunanin ba da kansa, a Halifax yake ko a wata cibiya da za a buɗe a Afirka gobe, yana da haƙƙin ya ji amsa a fili kafin ya sa hannu: wace tambaya ce gwajin zai amsa da ba za a iya amsa ta ta wata hanya ba, wane magani ke ajiye kuma yaushe za a ba shi, wa zai ɗauki nauyinsa idan wani abu ya same shi bayan shekara, wane kwamiti ne ya amince, za a wallafa sakamakon ko da bai yi wa mai ɗaukar nauyi daɗi ba, kuma idan rigakafin ya yi nasara, a wane farashi zai isa ƙasashen da yara suka fi mutuwa. Tambayoyin farko masu bincike sun koyi amsa su da kyau. Ta ƙarshen ce har yau ba a cika rubuta ta a takardar yarda ba, alhali a kanta ne dukan hujjar ta dogara. Idan rigakafin da aka tace da jikin 'yan sa-kai ya tsaya a asibitocin masu kuɗi, to an karɓi sadaukarwarsu da sunan jariran da ba za su amfana ba, kuma alhakin hana hakan yana kan gwamnatoci da masu ba da kuɗin bincike tun kafin a ɗiga ɗigon farko.